Muryar da likitan gidanmu ya turo kan jikin Kawu

Assalamu alaikum. Yaya, yanzu na saurari saƙonki. Kin ce tun jiya Kawu ke kukan ciwon ciki, yana ta barci da rana, magana ma ba ta haɗuwa sosai, amma jikin ba zafi, shi ne kuke shawarar a sayo masa Ampiclox a kyamis a ga abin da gobe za ta yi. Don Allah kada a kai gobe. Yau ɗin nan a kai shi asibiti.

Ina so kowa a gidan ya ji dalili. Wanda hantarsa ta taurare, kamar yadda ciwon hanta nau'in B ya yi wa Kawu, ruwan nan da ke taruwa masa a ciki yakan kamu da cuta. Ƙwayoyin cutar hanjinsa ne, irin su E. coli, suke ratsa bangon hanjin su faɗa ruwan. Da ma hanta ce ke tace su, to ta gaza. Kuma da yawan masu wannan ciwon ko zazzaɓi ba sa yi. Ruɗewar nan da yawan barci, ko ki ga fitsari ya ragu, su ne ke tayar mana da hankali, don daga nan sai ƙoda ta tsaya.

In kun je za su zuƙi ruwan cikin a ɗan sirinji su kai gwaji. Na san Inna za ta ce in an taɓa ruwan sai ya ninku. Ki lallashe ta, ba kwashewa za a yi ba, ɗan kaɗan ne. In fararen ƙwayoyin jinin da muke kira nutrofil sun kai 250 a ma'auninsu, an tabbatar. Sai allura ta jijiya, yawanci seftiriyazon mai kashe ƙwayoyin cuta, kwana 5 zuwa 7, da albumin, wani furotin na jini da ake ƙarawa ta jijiya, don kare ƙodar. Albumin ɗin akwai tsada fa, mu fara haɗa kuɗi tun yanzu.

Kafin nan kada a ba shi magungunan rage ciwo irin su daikilofenak ko ibufurofen, kada mai kyamis ya yi masa allurar jentamaisin, duk ƙoda suke ci. Jiƙon nan na maƙwabta ma a ajiye shi.

Ko an sallame shi, abin yana yawan dawowa, za su ɗora shi kan maganin da zai riƙa sha kullum. Ki tattara takardun gwajinsa da ledar magungunan nan gaba ɗaya ki tafi da su. In kun isa ki kira ni, zan yi magana da likitan da ke bakin aiki.