Da Tallafin Gwamnati Nake Rayuwa a Ingila, Wane Bashi Zan Fara Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Mancasta da 'ya'yana biyu, kuma tun da rashin lafiya ta raba ni da aiki, da tallafin Universal Credit muke ci muke sha. Ana bina fam 3,400 na katin bashi, da fam 850 na harajin kansul, wato ƙaramar hukumarmu, da fam 600 na gas da lantarki, ga kuma fam 1,000 da na ranta a wurin ƙanwar mahaifiyata. Masu katin ne suka fi damuna da waya, shi ya sa nake ba su fam 60 duk wata. Wani kamfani kuma ya kira ni ya ce zai haɗe mini basussukan a shirin IVA. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. Abu na farko da zan gaya miki shi ne, fam 60 ɗin nan ba inda ya kamata yake tafiya ba. Ana jera basussuka ne bisa abin da zai sami mutum idan bai biya ba, kuma yawan kiran waya ba ya ɗaga matsayin bashi ko kaɗan. Masu katin ba su da ikon taɓa kayanki sai sun kai ki kotun ƙaramar shari'a sun sami hukunci, sannan kin kasa bin hukuncin, kuma rashin biyansu ba laifi ba ne da ake ɗaure mutum a kansa. Kansul kuwa, idan aka tsallake biya, tana iya neman harajin shekarar gaba ɗaya, ta samo umarni daga kotun majistare, ta ɗora miki kuɗin shari'a, sannan ta sa a riƙa cira daga tallafinki ko ta turo masu ƙwace kaya. A Ingila har ɗaurin wata uku doka ta tanada ga wanda yake da hali ya ƙi biya da gangan, ko da yake ba kasafai ake kaiwa can ba. Saboda haka kuɗin haya, da harajin kansul, da gas da lantarki, da tarar kotu su ne a gaba, katin bashi da rancen banki su biyo baya.

Ki rubuta wa masu katin ki sanar da su halin da kike ciki, ki haɗa da takardar da ke nuna abin da ke shigo miki da abin da kike kashewa, ki ce fam 1 za ki iya bayarwa a wata, ki kuma roƙi su dakatar da kuɗin ruwa. Wannan sananniyar hanya ce, kuma kamfanoni da yawa suna karɓa na wasu watanni. Sauran kuɗin ki karkata shi ga kansul da kamfanin gas. Ki kuma tambayi kansul ko an sa ki a cikin rangwamen haraji na masu ƙaramin ƙarfi, da ragin kashi 25 cikin ɗari da ake yi wa gidan da baligi ɗaya ne kawai a cikinsa, domin ba a ba da su sai an nema.

Ki duba bayanin tallafinki na wata-wata ki ga ko ana cire wani abu. Daga ƙarshen Afrilun 2025 an rage iyakar abin da ake cirewa don biyan bashi daga kashi 25 zuwa kashi 15 cikin ɗari na ainihin kuɗin tallafin, ban da wasu 'yan abubuwa da aka keɓe. Idan duk da haka cirewar tana hana ku abinci, kina da damar neman ma'aikatar ayyuka da fansho ta sassauta.

Idan wasiƙu da barazana sun yi yawa, akwai shirin Breathing Space, wanda aka fara a Mayun 2021 a Ingila da Wales. Yana ba mutum kwana 60 da za a tsayar da kuɗin ruwa da tara da duk wani matakin karɓar bashin, amma a ci gaba da biyan haya da sauran kuɗaɗen yau da kullum. Mai ba da shawara kan bashi ne yake shigar da mutum, kuma sau ɗaya ake samu a cikin wata 12.

Batun IVA kuwa, shawarata ita ce kada ki sa hannu. Yarjejeniyar biyan bashi ce tsakanin mutum da masu binsa, da aka tsara wa mai albashi wanda ke da rarar kuɗi duk wata, tana ɗaukar shekara biyar ko shida, kuma kamfanin yana cire ladansa daga abin da ake biya, wanda shi ne dalilin da ya sa suke bin mutane da waya. Idan aka kasa ci gaba a tsakiya, yarjejeniyar ta rushe, bashin ya dawo, alhali kaso mai yawa na abin da aka zuba ya tafi a ladan kamfani. Mai cin tallafi ba ta da rarar da za ta ɗauki alkawarin shekara biyar a kanta.

Abin da ya fi kama da halinki shi ne umarnin sauke nauyin bashi da ake kira Debt Relief Order, wato DRO. Sharuɗɗansa su ne bashin kada ya wuce fam 50,000, abin da ke rage wa mutum bayan buƙatun gida kada ya wuce fam 75 a wata, dukiyarsa kada ta wuce fam 2,000, mota idan akwai kada darajarta ta wuce fam 4,000, kuma kada ya mallaki gida. A da ana biyan fam 90 kafin a nema, amma an soke wannan kuɗi a Afrilun 2024. Idan an amince, masu bin bashi za su dakata na wata 12, kuma idan halinki bai canza ba a ƙarshen wa'adin, doka ta shafe basussukan da aka lissafa, har da tsohon harajin kansul da na gas. Ba ya shafe tarar kotu, ko rancen karatu, ko kuɗin ciyar da yara. Yana kuma zama a tarihin bashin mutum shekara shida, don haka samun rance ko sabuwar haya zai yi wuya a tsawon lokacin. Ɗaya hanyar, wato a ayyana mutum a matsayin wanda ya karye, sai an biya fam 680, kuma ban ga abin da za ta ƙara miki ba. Duk wannan bayani na Ingila da Wales ne, Sikotilan tana da nata tsarin daban.

Na san bashin innarki ne ya fi tsaya miki a rai, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Dole ne a lissafa shi a cikin DRO kamar sauran, kuma idan kika yi sauri kika biya ta kafin ki nema, za a iya ɗaukar hakan a matsayin fifita wani mai bin bashi a kan wasu, a ƙi amincewa da buƙatarki. Ki zauna da ita ki yi mata bayani tun yanzu. A cikin wata 12 ɗin ba za ki biya ta ba, amma bayan wa'adin ya cika babu abin da zai hana ki sauke nauyinta a hankali bisa raɗin kanki. Ki kuma tuna cewa waɗanda bashi ya yi wa nauyi suna cikin mutane takwas da zakka ta halatta gare su, kuma akwai ƙungiyoyi irin su National Zakat Foundation da ke raba ta ga mazauna Birtaniya, don haka babu abin kunya a nema.

Ba a neman DRO kai tsaye, sai ta hannun mai ba da shawara da hukuma ta amince da shi. Ƙungiyoyin ba da shawara irin su StepChange da National Debtline da Citizens Advice duk kyauta suke yi, kada ki ba kowa ko kwabo don shawara. Ki tafi da duk wasiƙun, har waɗanda ba ki buɗe ba, da bayanin asusun banki na 'yan watannin baya, kuma idan kina da niyyar neman takardar zama ɗan ƙasa nan gaba, ki faɗa wa mai shawarar tun a zaman farko, domin ana duba yadda mutum ya tafiyar da bashinsa a wannan neman.