Me ya sa ƙarfin damƙar yara ke bambanta a na'ura?

Tambaya: Ina koyar da motsa jiki a firamare. Mun gwada ƙarfin damƙar ɗalibai da na'urar Jamar, sai ƙananan yara suka samu maki kaɗan ƙwarai, har da masu kuzari. Ina matsalar take? — Wata malama daga Zariya

Amsa: Malama, da alama mariƙin na'urar ne ya yi wa hannunsu faɗi. Jamar tana da matakai 5 na buɗe mariƙi, kuma na 2 ne aka saba amfani da shi ga manya. Idan mariƙin ya yi wa tafin yaro faɗi, da ƙarshen yatsu kawai zai ja. Idan kuma ya matse da yawa, yatsun za su naɗe har tsokar ta kasa aiki sosai.

Ki fara auna taƙin hannun yaron: ya buɗe tafinsa iyaka, ki auna daga kan babban yatsa zuwa kan ƙaramin yatsa. Ga yaran firamare, buɗin mariƙin da ya dace ya ɗan haura kashi ɗaya bisa huɗu na wannan tsawon. Taƙi mai santimita 18 na son buɗin kusan santimita 5.

Sannan yaron ya zauna, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, manne da haƙarƙari. Ya matsa mariƙin na daƙiƙa 3, sau 3 a kowane hannu, da hutun minti ɗaya tsakani. Ki tallafi gindin na'urar, domin nauyinta kan karkatar da wuyan hannun yaro. Kada ki kwatanta yara sai masu shekaru da jinsi ɗaya.