Tambaya da Amsa: Shirin Jami'a Tun Daga Ajin SS1

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga Legas suka zo, kuma zancensu ɗaya ne: yaro yana sakandare, ana hangen jami'a. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

Ɗana zai shiga SS1, burinsa likitanci. Malaminsa ya ce maganar JAMB sai an kai SS3. To yanzu ni mene ne nawa? (Wani uba daga Agege)

Alhaji, rajista ce ake yi a SS3, amma abin da zai sa a ɗauki yaron ko a bar shi daga SS1 yake farawa, ranar da aka raba su ajin kimiyya, ajin adabi da ajin kasuwanci. Kowane kwas yana da darussan da ya dogara a kansu. Likitanci yana neman kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a JAMB kuma yaro ya rubuta Turanci da ukun ƙarshe. Injiniya: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Lauya ba ya yiwuwa sai da Adabin Turanci, kuma nan ne ake yawan yin kuka, domin yaro zai kai SS3 yana cewa lauya zai zama alhali bai taɓa zama ajin adabin ba. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 sunansu an wuce, amma ba sa shigar da mutum jami'a.

Abu na biyu, ka daina jin ana cewa "in dai ya samu kiredit biyar shi ke nan". Jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, wato a haɗa WAEC da NECO, amma Jami'ar Legas da ke Akoka zama ɗaya take nema, da maki 200 ko sama a JAMB, kuma sai an sa ta zaɓi na farko. A tsarin da take bi a shekarun nan, JAMB kashi 50 ne, jarrabawarta ta tantancewa kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. Ana raba makin JAMB da 8, wato mai 260 ya samu 32.5. A ɓangaren sakandare A1 maki 4 ne, C6 maki 2. Ka ga mai A1 biyar yana da 20, mai C6 biyar yana da 10. Wannan tazarar ta maki 10 daidai take da maki 80 a JAMB. Yara biyu za su ci JAMB kunnen doki, ɗaya ya samu likitanci, ɗaya ya dawo gida, iyaye su ce an yi son kai, alhali lissafin ne ya raba su.

Naka aikin a yanzu shi ne ka sa a buɗe maka ƙasidar kwasa-kwasai da ke shafin JAMB, ka kwafe darussan likitanci a takarda, ka gwada su da waɗanda makarantar take koyarwa. Ka tambaya ko akwai ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, domin WAEC tana da jarrabawar gwaji da hannu a Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma yaron da bai taɓa riƙe kwalbar awo ba sai ranar jarrabawa hannunsa rawa zai yi. Sannan ka duba sakamakon kowane zango da idonka. Lissafin da ya karye a SS1 ba lesin ɗin wata uku a SS3 zai ɗora shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina SS3. Yayana ya ci JAMB bara amma sunansa bai zo daidai da na WAEC ba, har gurbin ya wuce shi. Ina tsoron haka ta same ni. (Wata ɗaliba daga Idi-Araba)

'Yata, tsoronki yana kan hanya. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma sunan da ke NIN shi hukumar take jawowa kai tsaye. Sunayenmu kuwa suna da rubutu iri-iri: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Aisha, Aishat, A'ishatu. Wani a NIN sunan mahaifi ne a ƙarshe, a makaranta kuma sunan kaka ko na gari. Yau ɗin nan ki ɗauko takardar haihuwa da ta NIN, ki je ofishin makaranta ki ga yadda aka rubuta ki a rajistar WAEC, ki bi su harafi bayan harafi, da jerin sunayen, da ranar haihuwa. In akwai saɓani a gyara kafin a buɗe rajista, domin gyaran NIN yana cin lokaci.

Sai layin waya. Za ki rubuta NIN, ki bar fili, ki sa lambobinki 11, ki aika zuwa 55019 ko 66019, a turo miki lambar da za ki sayi fom da ita. Layin da kika yi wannan da shi ya zama naki da JAMB har ki gama, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. Kada ki yi da layin mai shagon intanet, kada ki yi da wanda yayanki ya riga ya yi da shi, kuma kada ki bari a rufe shi. Rajistar kanta a cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake yi.

Ga wani abu da ya shafe ku mata: lalle. Ana ɗaukar hoton yatsu goma ranar rajista, a sake tantancewa a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma lalle yana iya hana na'urar karanta zanen yatsa. JAMB da kanta ta sha yin gargaɗi a kai. Ko bikin wa ake yi, ki bar yatsunki fari tas makonni kafin rajista da kafin jarrabawa.

Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta tun 2015: tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun. Sakan 40 ke nan ga kowace tambaya, don haka ki riƙa gwaji da agogo a gabanki. Idan sakamakon WAEC ya fito, ki koma cibiya a ɗora shi a kan CAPS, manhajar da JAMB ke ba da gurbi ta cikinta tun 2017. Wanda bai ɗora ba, ko 300 ya ci, ba za a iya ba shi gurbi ba.

A Legas aka haife ni, iyayena 'yan Katsina ne. Abokaina sun ce ba a ɗaukar Bahaushe a jami'o'in nan, in nemi Kano ko Zariya kawai. (Wani ɗalibi daga Mile 12)

Ɗana, zancen bakin kasuwa ne. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku: kashi 45 cancanta zalla, kashi 35 jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban boko. Yankin Jami'ar Legas jihohin kudu maso yamma ne, kuma asalin jiha ake dubawa, ba inda aka yanke cibiya ba, don haka ba ka cikin kashi 35. Amma Katsina tana cikin jihohin kashi 20, haka Kano, Jigawa, Sakkwato, Zamfara, Kebbi, Bauchi, Yobe da Borno. Ƙofa biyu ke nan gare ka a Akoka, in dai ka cika sharuɗɗan jami'ar. A Bayero ko Ahmadu Bello kuma ka shiga cikin 'yan yanki, sai dai can masu nema irinka sun fi yawa.

Abin da ke kayar da yaran da aka haifa a nan shi ne takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Da yawa ba su taɓa zuwa garin ba sai da sallah. A karɓo ta da wuri, a lokacin hutu, sannan jihar da ƙaramar hukumar da ka cika a JAMB su zama su ne a takardar. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo ta jiha ce, tana fifita 'yan asalin jihar, amma tana ɗaukar waɗanda ba 'yan jiha ba. Kada kuma ka raina Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ke nan tun 1947.

'Yata tana jin Hausa da Yarbanci, tana Larabci a Islamiyya, yanzu kuma ta ce Faransanci take so. Ba rarraba hankali ba ne? Wanne zai amfane ta? (Wata uwa daga Obalende)

Hajiya, yarinyar da ta tashi da harshe uku ta riga ta yi rabin aikin da wasu ke biyan kuɗi su koya. Abin da ya rage shi ne a jera su, domin jin harshe daban, samun takardar shaidarsa daban.

Turanci ne a gaba, ko ana so ko ba a so, tunda babu kwas ɗin da ake shiga ba tare da kiredit ɗinsa ba. Yaran Legas bakinsu ya buɗe da shi, wannan ne ma ke ruɗinsu, domin Turancin tasha ne ke sulalewa cikin rubutunsu. WAEC tana neman insha'i na aƙalla kalma 450, ga fahimtar rubutu, ga taƙaitawa, ga gwajin furuci inda rikita p da f yake cin makin Bahaushe. Maganinsa ba ɓoyayye ba ne: insha'i ɗaya duk mako, malami ya bi shi da jan biro, ta sake rubuta shi. Sake rubutawar ita ce karatun.

Yarbanci kada ta yar da shi. A 2018 gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar da ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar, dokar kuma ta ambaci kiredit ɗinsa ga masu neman manyan makarantun jihar. Duk mai nufin Ojo ya karanta sanarwar ɗaukar ɗalibai ta shekararsa da kyau. Tunda tana jinsa, kiredit ne mai sauƙin samu in ta koyi rubutunsa da alamomin sautinsa.

Hausa kuwa, WAEC da NECO da JAMB duk suna yin ta, sai dai makarantar da ba ta da malami ba za ta sa ta a rajista ba. Hanyar ita ce jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. A kula: jin Hausa a gida ba ya nufin an iya rubuta ta. Ana tambayar nahawu, da adabi, da ƙa'idojin rubutu, irin bambancin ɗa da da, ko inda ake raba "shi ne". Kuma akwai abinci a cikinta: sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, na Rediyon Faransa kuma a nan Legas aka buɗe shi a 2007.

Larabcin Islamiyya sai an mai da shi takarda kafin jami'a ta gan shi, ko ta hanyar ɗaukarsa a WAEC da NECO, ko jarrabawar NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, wadda JAMB ke karɓar sakamakonta. Legas ba baƙuwar wannan ilimi ba ce, ga Markaz na Agege, makarantar Larabci, wanda Sheikh Adamu Al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da shi nan.

Faransanci, a ganinmu, a bar ta ta yi, da sharaɗin Turancinta da Lissafinta suna tsaye. Maƙwabtanmu Benin, Nijar, Chadi da Kamaru duk da shi suke aiki, iyakar Seme kuma ga ta nan bayan Badagry. A Badagry ɗin ne ma aka kafa ƙauyen koyon Faransanci na ƙasa a 1991, inda ɗaliban jami'a masu karanta harshen ke zuwa su zauna. Ta fara a dogon hutu, ta nufi DELF, jarrabawar shaidar iya Faransanci, a cibiyar Alliance Française ta Ikoyi, daga matakinta na farko, A1, tana hawa. Mafi yawan jami'o'in Faransa mataki na huɗu, B2, suke nema. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. A zango na biyu na SS3 ta ajiye shi sai an gama jarrabawa.

Mahaifina ya hana ni kulob ɗin muhawara da ƙwallo, ya ce ba sa ƙara maki. Gaskiya ne? (Wani ɗalibin SS2 daga Ijora)

Ɗana, Baba ya yi gaskiya ta gefe ɗaya: a lissafin JAMB da na jami'o'inmu ba su da ko rabin maki. Inda suke magana shi ne neman tallafin karatu da jami'o'in waje, musamman Amurka. Fom ɗin Common App da jami'o'insu da yawa ke amfani da shi yana da gurbin ayyuka 10 da insha'i na kalma 650, kuma abin da suke dubawa shi ne daɗewa da ɗaukar nauyi. Abu biyu da ka riƙe shekara uku sun fi takwas da ka leƙa. Sakataren ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN na makaranta (ƙungiyar ma a Legas aka kafa ta a 1954), kulob ɗin kimiyya da fasaha na JETS, musabaƙar Alƙur'ani, koya wa ƙanne karatu a unguwa, har riƙe littafin ciniki a shagon Baba, duk ana rubuta su. Ofishin EducationUSA na ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Legas yana ba da shawara a kan wannan, kada ka biya ɗan kamasho.

Muhawara kuma, ko ba ka fita waje ba, gyaran Turanci ce kyauta. Ka je wa Baba cikin ladabi da sharaɗi: rana biyu a mako, ka dawo kafin magariba, in sakamakon zango ya sauka ka ajiye da kanka. Ka samu littafi ɗaya kana rubuta kwanan wata, abin da aka yi, matsayinka, da malamin da ya gani, domin shi za ka koma wa ranar da aka nemi wasiƙar shaida.