Amsa ga ɗan ƙanwata kan shamuwa da al'adar da ke tattare da ita

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta saƙonka inda ka ce kana gyara maƙalar shamuwa a kundin ilimi na Wikipedia, kana kuma tambaya ko ya dace ka rubuta abin da mutane suka gada game da ita, wato cewa ita ke kawo damina kuma ba a kashe ta, ko kuwa ka tsaya kan bayanin masana kawai.

Ra'ayina shi ne ka rubuta al'adar, domin maƙalar da ta yi shiru a kanta ta bar rabin labarin wannan tsuntsuwa. Sharaɗi ɗaya ne, ka rubuta ta a matsayin abin da mutane suka yi imani da shi kuma suke aikatawa, kada ka mayar da ita hukuncin kundin. Gaskiya ne cewa manoma a ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel suna murna da ganin shamuwa, suna barin ta ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, suna tsawata wa yaron da ya jefe ta ko ya taɓa ƙwanta, wasu ma suna ɗaukar saukarta a gida alamar alheri. Wannan kariya ce ta sa take zama kusa da mutane ba tare da tsoro ba, saboda haka al'adar ta shiga cikin rayuwar tsuntsuwar kanta.

Amma ruwa na Allah ne, shamuwa biyo shi take yi. Tana hayayyafa a arewacin layin ikwaita, daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya, a watannin damina, sannan ta yi ƙaura zuwa gabashi da kudancin Afirka daga wajen Nuwamba zuwa Maris, lokacin da can ake ruwa. Dalili kuwa abinci ne: idan ruwan farko ya sauka ciyawa ta tsiro, fara da tsutsa suna yawaita, su ne kuma mafi yawan abin da take ci. Idan ka ajiye wannan bayani kusa da al'adar, mai karatu zai gane da kansa cewa kakanninmu sun lura da kyau, kuma manomi yana da hujjar kare tsuntsuwar da ke cinye masa fara.

Akwai abubuwan da nake so ka tabbatar sun fito daidai. Sunanta na kimiyya Ciconia abdimii, wanda masanin Jamus Lichtenstein ya ba ta a 1823. Ita ce mafi ƙanƙanta a danginta, tsawonta kusan santimita 73, jikinta baƙi, cikinta fari, takan yi ƙwai biyu ko uku. Kada ka kwafi bayanin da ake yi wa dangin gaba ɗaya cewa suna kiwo cikin ruwa, domin shamuwa ta fi neman abinci a fili da gonaki. Ka kuma duba hoton da aka sa, kada ya zama na borin tunke ko zalɓe.

Game da madogara, ƙa'idar kundin ba ta karɓar "kawuna ya faɗa mini", ni ma ban so ka sa sunana. Ka nemi inda aka rubuta al'adar, a littattafan tsuntsayen Afirka ta Yamma, ko ƙamus na Hausa, ko binciken sassan nazarin harsuna a jami'o'i, ka kuma faɗi yankin da aka same ta, domin abin da ake yi a wani gari ba lallai ne ya zama na kowa ba. Abin da ka ji daga bakin tsofaffi amma ba ka samu a rubuce ba, ka adana shi a littafinka tare da sunan garin da shekarar da ka ji shi, har ranar da za a buga shi.

Ka gaishe da mahaifiyarka.

Kawunka.