Tukunyar Azumi ta Inna

Auta,

Saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan, don idona ya daina jure hasken waya. In kin ga kuskure, nasa ne.

Kin ce azumin kwana 40 ya gabato, kina so ki sani ko dole ne a yi shi yadda su Inna suka yi, da rage tuwo da tara hatsi a tukunya, ko kuwa ya isa ki bar shan zaƙi da hawa TikTok, tunda dama kina neman rage ƙiba. Kin ƙara da cewa a wurin aikinku ana ta faɗin sai mutum ya fara son kansa kafin ya iya son wani, wai musun kai ne ya tsofar da matan zamaninmu da wuri.

Na yi dariya har na ƙware, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ashe mun kai lokacin da sai an koya wa ɗan Adam son kansa? Tun muna yara muke jin ana cewa so duka so ne amma son kai ya fi, kuma duk tsohon da ya faɗa, da taɓe baki yake faɗa. Yanzu ga shi an mayar da shi darasi, har da masu karɓar kuɗi su koyar.

Maganar dole kuwa, ba zan ɗora miki abin da Littafi Mai Tsarki bai ɗora ba. Babu ayar da ta ce a ƙirga kwana 40 kafin Ista a yi azumi. Al'adar ikilisiya ce mai daɗewa, don tunawa da kwanakin da Yesu ya yi a jeji. Mu 'yan Angilikan da 'yan Katolika muna riƙe da ita, dangin mamanki na ikilisiyar ECWA kuwa da yawansu ba su damu da ita ba, kuma ban taɓa ganin hakan ya rage musu tsoron Allah ba. Daga Larabar toka, ranar da ake shafa toka a goshi a fara azumin, zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne, ana cire Lahadi shida saboda ranar tashin Ubangiji ba ranar azumi ba ce. Mu yara a lokacin wannan lissafin kaɗai muka riƙe da kyau, don ranar Lahadi ce miya ke ganin man shanu.

Tukunyar da kike tambaya ba wata babba ba ce. Baƙar tukunyar ƙasa ce mai ɓallin baki, tana zaune a bayan gadon Inna, an rufe ta da faifai. In azumi ya kama, abincin rana ya tafi ke nan ga duk wanda ya yi wayo, sai yamma. Kowace safiya idan Baba ya auno dawa daga rumbu, kafin a kai turmi, Inna za ta ɗebi cikin hannu guda a madadin kowane mai azumi a gidan, ta zuba a tukunyar. Wato abin da za mu ci da rana ne ya koma can. Ranar Ista matan ƙauyenmu kowace ta ɗauko nata a ka, a jera a gaban majami'a, dattawa su raba wa mai bishara da matan da mazansu suka mutu da duk wanda rumbunsa ya ƙare kafin damina. Baba yakan ce wanda ya ƙi cin rana ya haɗa ya cinye da dare, kuɗi ya cire daga aljihun dama ya sa a na hagu. Ki auna maganar rage ƙibarki da wannan, ni ban ce komai ba.

Su Inna ba su yi boko ba, amma an koya musu karatun Hausa don su karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka gama fassarawa aka buga a 1932. Inna ta fi son Ishaya sura 58, inda aka ce azumin da Allah yake so shi ne ka raba abincinka da mayunwaci, ka shigo da marar gida cikin gidanka. Da yatsa take bin layin, tana motsa leɓe.

Bari in ba ki labarin shekarar da ba na mantawa. Daminar 1973 ba ta yi kyau ba. Mu a ƙasar Zazzau ba mu sha irin wadda mutanen Daura da Katsina da na Nijar suka sha ba, amma dawarmu ta yi ƙanana, damin da Baba ya saba samu bai samu ba. Ga sabon kuɗi, naira, da aka shigo da shi farkon shekarar, tsofaffi suna ta lissafi da sule da fam suna rikicewa, mudu kuma kullum ƙara tsada yake. Da rani ya yi nisa sai muka fara ganin Buzaye. Dabbobinsu sun mutu a can arewa, suka gangaro da ƙafa da bayan manyan motoci. Mazan suka bazu Kano da Zariya da Kaduna neman gadi, matan da yara suna bin gidaje.

Da azumin 1974 ya zo, Baba ya ce bana a bar maganar tukunya, Allah ma ya ga halin da ake ciki. Inna ta ce to, Malam. Washegari na gan ta ta ɗebi hannu guda ta zuba. Nata kason kaɗai ta riƙa zubawa, ba ta taɓa namu ba, Baba kuma ya yi kamar bai gani ba. Haka zamansu yake. A shekarar tuwo ya koma sau ɗaya, ana cika ciki da kwaɗon zogale da tafasa, ƙanzo ma sai an yi rabo. Ni ina budurwa a lokacin, ba na ɓoye miki, nakan ɗaga faifan nan in leƙa in haɗiye yawu.

Ana saura 'yan kwanaki Ista, da tsakar rana, zafi kamar ya tsaga ƙasa, Baba ya tafi kasuwa, sai ga wata Buzuwa a ƙofar zaure. Doguwa ce, baƙin mayafinta ya koɗe, tana goye da jariri, tana jan wasu yara biyu. Ba ta yi bara irin ta almajirai ba. Tsayawa kawai ta yi. Hausarta ba ta wuce sannu da ruwa ba. Inna ta shigo da ita tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa... a'a, gindin darbejiya ne, ɗorawar tana bayan gida. Ta dama sauran kamu ta yi kunu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matar nan ba ta kai ludayi bakinta ba sai da yaran suka ture ƙwaryar da kansu. Inna tana tsaye tana kallonta. Can ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar, ta juye ta kaf a wani tsohon zanenta, ta ƙulle, ta ɗora wa matar a ka.

Na ce Inna, ai na Ubangiji ne. Ta ce to wa kike gani ya aiko ta? Na ce ai ba Kirista ba ce. Ta dube ni irin kallon da ke sa mutum ya nemi aikin yi a bayan ɗaki.

Ba kyautar ce ta fi wuya ba, Auta. Ranar Ista ce, 14 ga Afrilu. Na riƙe ranar don washegari Baba ya ji a rediyo sojoji sun hamɓarar da Diori Hamani a Yamai, Seyni Kountché ya hau, ana ta cewa yunwar nan na cikin abin da ya ci gwamnatin. To ranar Lahadin mata suka yi layi suna waƙa, kowace da ƙwaryarta, wata rabi, wata ɗan abin da bai rufe gindin ƙwarya ba, amma dai kowace da abin ajiyewa. Inna, wadda kowa ya san ita ke kan gaba a Zumuntar Mata duk shekara, ta shiga layin da hannu biyu babu komai. Ta isa gaba, ta durƙusa, ta tashi, ta koma wurin zamanta. Ina jin wata a bayanmu tana raɗa wa ta kusa da ita cewa gidan su wance bana sun cinye na Ubangiji. Wata ta ce yunwa ai ba ta san dattijo ba. Jinina ya tafasa, na juya zan yi magana, sai na ji farcen Inna a cinyata. Mintsinin nan har yau in na tuna sai na shafa wurin.

A hanyar gida ina kuka na ce don me ba za ta faɗa musu ba. Ta ce in na faɗa, na sayar ke nan, sun biya ni da sannu da ƙoƙari, me ya rage? Ta ce ba ki ji an ce kada hannun hagunka ya san abin da na dama yake yi ba? Maganar cin na Ubangiji ta bi ta har damina ta wuce. A zaɓen da ya biyo baya wata aka ba shugabancin mata. Inna ta ci gaba da share majami'a ranar Asabar yadda ta saba. Ba wanda ya zo daga baya ya ce ashe kaza ne, Buzuwar ma ba mu ƙara ganinta ba. Har Inna ta rasu, daga ni sai Baba muka san inda hatsin ya tafi, babanki ma yana ƙarami, yanzu zai ji a bakinki.

Malaminmu mai bishara yana son ba da labarin manyan masu musun kai. Yakan kawo Turawan nan uku da suka sauka Legas a 1893 suna neman shigowa ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankin nan namu a lokacin, biyu suka mutu cikin shekara guda, Gowans a Girku nan ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Yakan kawo Kiristocin ƙauyen Gimi da ciwon barci ya kusa ƙarar da su, da yadda Likita Miller ya zauna cikin birnin Zariya shekara da shekaru kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. Mu yara muna jin daɗin labaran. Inna kuwa takan ce gicciyen da ake ba da labarinsa yana da sauƙin so, amma a Linjilar Luka an ce a ɗauka kowace rana, na kowace rana kuma ba mai tafa maka.

Yanzu kuwa? Na je ƙaddamar da ginin wata majami'a a Kaduna, na ga ana kiran suna da lasifika, mai girma wane ya ba da kaza, a buga ganga, a yi guɗa. Wanda ya ba da kaɗan sai ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, da gwauruwar nan ta cikin Linjila da ta ba da anini biyu ta zo nan, da ko kujera ba ta samu ba. Addu'ar dare kuma duk ta koma a ba ni, a buɗe mini, bana shekarata ce. Ku kuma ranar toka sai ku ɗauki hoton goshinku ku watsa wa duniya, alhali cewa aka yi in kana azumi ka wanke fuska ka shafa mai kada a gane. Ban ce laifinku ne ku kaɗai ba. Mu da muka haife ku mu muka fara gasar anko da dogayen bukukuwa, girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Amma abokan aikin naki ba duka suka yi ƙarya ba, kada ki ce Goggo ta kare komai na da. Na san matan da aka daka kamar sakwara a gidan miji, suka kai kuka, aka ce su koma, wai gicciyensu ne. Na san waɗanda suka bar wa maza nama suna masu ciki har jini ya ƙare musu. Inna da bakinta ta taɓa zuwa ta ɗauko wata daga irin wannan gidan ta kwana da ita a ɗakinta, ta kuma faɗa wa dattawa ido da ido cewa abin da aka ƙwace wa mutum ba baiko ba ne. Hatsin tukunyar nan nata ne, ita ta ga dama ta bayar, shi ya sa ba ta taɓa namu ba a shekarar yunwa. Saboda haka in likita ya ce ki ci, ki ci. Da gyambon cikin nan naki ma ban yarda ki wuni ba komai ba.

Zaƙi da TikTok kuwa, ki bari mana, haƙoranki za su gode miki. Ban dai san me za ki zuba a tukunya daga cikinsu ba. Ku da kuke sayen abinci a leda ba ku da rumbu balle turmi, ni kuma ban iya lissafin kuɗin data ba, ƙaninki ya ce yana da yawa, yana dariya yana rubutawa.

Af, na kusa mantawa. 'Yar marigayi Kawunku, ƙaramar, an koro ta daga makaranta kan kuɗin jarrabawa, uwarta tana ta soya awara a bakin hanya ba ta faɗa wa kowa ba. Ban ce ki yi komai ba, labari nake ba ki. In za ki zo Ista ki taho mini da man zafin nan na gwiwa, wanda kika kawo ya ƙare. Ki gaida babanki, ki ce masa rufin ɗakin baya yana jiransa kafin ruwa ya sauka.

Goggonki