Tambaya da Amsa: Wa Ke Tsaya wa Farar Hula Idan Yaƙi Ya Ɓarke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da goggo da aka haifa a Sudan. Kakanmu ya tafi Makka a ƙasa, ya yada zango a can, bai dawo ba. Ta yi aure a El Fasher da ke yankin Darfur. Tun watan Oktoban 2025 da garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnatin Sudan ba mu sake jin muryarta ba. Shin yaƙi ba shi da doka ne? Ina Majalisar Ɗinkin Duniyar da ake ta faɗa? Kuma ta ina za mu fara cigiyarta?
Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya bayyana ta cikin aminci, Ya sa ku ji alheri. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ba ta jira.

Ki je ofishin Red Cross na jiharku ki ce kin zo shigar da cigiyar 'yar'uwa da yaƙi ya raba ku. Ba a biyan ko sisi. Ki tafi da cikakken sunanta har na uba da na kaka, domin da haka ake gane mutum a Sudan, da sunan mijinta, da unguwarsu, da lambar da kuka yi magana ta ƙarshe, da hoto in akwai. Su za su aika wa takwarorinsu na Sudan da Chadi. Da yawa daga waɗanda suka kuɓuta garin Tawila suka nufa a ƙasa, ana ƙwace musu wayoyi a shingayen hanya, ga layukan sadarwa a katse. Saboda haka shirun nan kaɗai bai isa ya sa ku fid da rai ba.

Doka kuwa akwai ta, kuma ba ƙarama ba. A 1949 ƙasashe suka amince da yarjejeniyoyi huɗu a Geneva, ta huɗun kacokan a kan fararen hula take, kuma babu ƙasar da ba ta shiga ba. Akwai sashe na 3 da ke cikin dukkan huɗun, wanda ya shafi yaƙin basasa irin na Sudan: ya hana kashe wanda bai ɗauki makami ba, da azabtarwa, da yin garkuwa da mutane. A 1977 aka ƙara da haramta horar da jama'a da yunwa. Mu wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu, tun muna makarantar zaure muke jin wasiyyar Sayyidina Abubakar ga mayaƙa, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itacen da ke ba da 'ya'ya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai tilasta. A ranar 11 ga Mayun 2023, wata ɗaya bai cika da fara yaƙin ba, wakilan sojojin gwamnati na Janar Burhan da na RSF ta Hemeti suka sa hannu a Jidda cewa za su kare fararen hula. Cikin Yunin shekarar aka kashe gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, aka yi ta karkashe 'yan ƙabilar Masalit a El Geneina, garin da alhazan ƙasa irin kakanki suke ratsawa in sun ƙetaro daga Adre ta ƙasar Chadi. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta mutum 10,000 zuwa 15,000 a wannan gari kaɗai. A Yunin 2024 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2736, ya ce RSF ta janye ƙawanyar da ta yi wa El Fasher. Ba ta janye ba. Watanni biyu bayan haka aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke kusa da garin. A cikin gari kuwa mutane suka koma cin tunkuzar gyaɗar da ake ba dabbobi, har ita ma ta yi tsada. A Nuwamban 2024 Birtaniya da Saliyo suka kawo wani ƙudurin na kare fararen hula, ƙasashe 14 suka yarda, Rasha ta hau kujerar naƙi.

Hajiya, Majalisar nan ba ta da soja ko ɗaya nata na kanta, ba ta da jirgi, sai abin da ƙasashe suka ara mata. Don haka ni ba ginin da ke New York nake ɗora wa laifi ba, ƙasashen da ke zaune a cikinsa nake tuhuma. Tun 2004 akwai takunkumin hana shigar da makamai Darfur, amma ga jirage marasa matuƙa suna shawagi a kan asibitoci da masallatai. Ƙwararrun Majalisar sun ce akwai ƙamshin gaskiya a zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na aika wa RSF makamai ta filin jirgin Amdjarass da ke Chadi, ita kuma tana musantawa. Sojojin gwamnati ma suna da masu ba su, kuma su ma sun yi ta luguden bama-bamai a kasuwanni. Muddin zinaren Sudan na fita makamai na shiga, takardar Jidda ba za ta tsare ran kowa ba.

TAMBAYA: Ni tsohon soja ne, na yi aiki a Darfur ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Mun rasa abokai a Haskanita. Abin da nake gani yanzu yana sa in tambayi kaina ko wahalar banza muka sha.
Daga wani dattijo a Zariya.

AMSA: Baba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka muku da alheri. Ba wahalar banza kuka sha ba, kuma ba don in faranta maka rai na faɗa ba.

Ka fi ni sanin yadda aka tura ku. Rundunar ba ta wuce mutum 7,000 ba, a yankin da girmansa ya kusa na ƙasar Faransa, alawus na makara, kayan aiki ba su isa ba. A ƙarshen Satumban 2007, cikin azumi, 'yan tawaye suka afka wa sansanin Haskanita, dakaru 12 suka rasu, bakwai daga cikinsu 'yan Najeriya. Da aka koma rundunar haɗin gwiwa ta Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNAMID, kwamandanta Janar Martin Luther Agwai ya yi ta roƙon jirage masu saukar ungulu, ƙasashen da ke da su suka yi kunnen uwar shegu. An kuma zargi rundunar da rufe baki a kan wasu laifukan gwamnatin Khartoum, kuma zargin yana da tushe.

Duk da haka, matar da ta fita sansani neman itacen girki da motar sintiri a bayanta ta san bambancin ranar da kuke nan da ranar da ba ku nan. Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya biyo bayan tafiyarku. Wa'adin UNAMID ya ƙare ranar 31 ga Disamban 2020. Kafin Janairun 2021 ya ƙare an kai hari sansanin Krinding a El Geneina, aka kashe fiye da mutum 100.

Haka abin yake a wasu wuraren. A Kigali, lokacin kisan ƙare dangi na Ruwanda a Afrilun 1994, sojojin Beljiyam da ke aiki ƙarƙashin Majalisar suka janye daga wata makarantar koyon sana'a da mutane kimanin 2,000 suka fake, aka kashe mafi yawansu a ranar. A Sudan ta Kudu kuwa, a Disamban 2013, jami'an Majalisar suka buɗe ƙofofin sansanoninsu a Juba da Bentiu da Malakal ga masu gudu. Babu wanda ya tsara hakan tun farko, sansanonin sun cika da taɓo da cuta, amma a wani lokaci mutum fiye da 200,000 ne ke raye a bayan shingen wayar sansanonin nan. Sojan Majalisa mai hular shuɗi ba ya kawo ƙarshen yaƙi, amma tsayuwarsa a bakin ƙofa tana hana wani kisan.

Abin da ke ci mini rai shi ne dokar da ta kafa Tarayyar Afirka, a sashe na 4, ta ba ta ikon shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi. A 2004 an sami shugabannin da suka tura ku. Yau waɗanda ke riƙe da rayukan mutane su ne matasan unguwanni da ke dafa abinci a manyan tukwane suna rabawa kyauta, da kuɗin da 'yan'uwansu na waje ke turowa, kuma ɓangarorin biyu duk suna kama su.

TAMBAYA: An taɓa hukunta wani kuwa a kan Darfur?
Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: A kotun duniya, mutum ɗaya, ɗana. A 2005 Kwamitin Sulhu ya miƙa batun ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. A Oktoban 2025 ta sami Ali Kushayb, ɗaya daga jagororin Janjawid, mayaƙan sa-kai da gwamnatin Khartoum ta mara wa baya, da laifukan da ya aikata a 2003 da 2004. Tsohon shugaban Sudan Umar al-Bashir kuwa, da aka ba da sammacin kama shi tun 2009, har yau ba a miƙa shi ba. Ofishin mai gabatar da ƙara ya ce yana tattara shaidu a kan El Fasher, kuma da yawan hotunan bidiyon mayaƙan ne da kansu suka ɗauka suka watsa. Duk wanda ɗan'uwansa ya turo masa saƙon murya ko hoto daga can, kada ya goge, ya rubuta ranar da ya zo da sunan wurin, ya kuma ɓoye sunan wanda ya turo har sai ya tabbata ya fita daga hatsari.