Tambaya da Amsa: "Abokin aikina ya ja wani yaro a jiki, in yi magana ko in yi shiru?"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, barka da ƙoƙari. Ni sabon ma'aikaci ne a wani gidan da ake tsare yaran da suka yi laifi ko suke jiran shari'a. Akwai wani babba a cikinmu, ya daɗe a aikin, kowa na ganin girmansa, shi ne ma ya koya mini yadda ake komai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani yaro ɗan shekara 15 da ya ja a jiki. Shi kaɗai yake kira ya taya shi shirya sito, su shiga su turo ƙofa. Yana ba shi wayarsa ya kira gida, alhali an hana. Kwanaki yaron ya yi faɗa da wani, aka rubuta ɗayan a rajista, shi kuwa ko sunansa bai fito ba. Ni dai ban ga komai da idona ba. Ina tsoron in yi magana in ɓata wa bawan Allah suna, a ɗauke ni munafuki. Ko mugun zato ne kawai nake yi?

Daga wani ma'aikaci

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce ba ka ga komai ba, amma ka lissafo mini ƙofar sito a rufe, da wayar da aka hana, da sunan da ya ɓace daga rajista. Dukkansu da idonka ka gan su, kuma kowannensu saɓa ƙa'idar aiki ne ko da zuciyar mutumin nan fes take. Saboda haka babu wanda ya ce ka je ka ce "wane yana lalata da yaro." Wannan ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da za ka kai gaba shi ne abin da ka gani, da ranar, da lokacin, da wurin. Binciken abin da ke faruwa bayan ƙofa aikin wasu ne.

Dalilin da ya sa ba zan ce maka ka kau da kai ba shi ne, lalata da yara a irin waɗannan gidaje ba kasafai take farawa da ƙarfi ba. Da kirki take farawa. Yaron da aka raba da iyayensa, aka ƙwace masa waya, ake ƙidaya masa lokacin wanka, ƙaramar alfarma a wurinsa babba ce. Mai mugun nufi ya san haka. Yau ya ba shi waya, gobe ya rufa masa asiri a kan faɗa, jibi ya fara ba shi labarin matsalar gidansa kamar sa'ansa. Kafin a je ga taɓa jiki, yaron ya riga ya ci bashin da ba ya iya biya, ga shi kuma an haɗa baki da shi an karya doka. Ranar da ya so yin magana sai a tuna masa: "In ka faɗa, ni ma zan faɗi wayar da ka yi ta kira da ita, kuma wa zai yarda da ɓarawo?"

Ba hasashena ba ne. A Amurka, hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'a takan tambayi yaran da ke tsare a asirce, ta kwamfuta, ba tare da ma'aikaci ya ga amsarsu ba. A binciken 2008 zuwa 2009, kimanin kashi 12 cikin 100 suka ce an ci zarafinsu ta hanyar lalata. A 2012 adadin ya koma kashi 9.5, a 2018 kuma kashi 7.1. A duka ukun, waɗanda suka ambaci ma'aikata sun ninka waɗanda suka ambaci yara 'yan'uwansu. A na 2012, mafi yawan yaran da ma'aikata suka lalata sun ce tun kafin abin ya faru ma'aikacin ya mayar da su 'yan lele, ko ya yi musu kyauta, ko ya riƙa ba su labarin rayuwarsa ta waje.

Batun sito kuwa ya tuna mini da Medomsley, wani gidan tsare samari a arewacin Ingila. Jami'in da ke kula da kicin, Neville Husband, shi yake zaɓen samarin da za su yi masa aiki, ya shafe shekaru yana lalata da su a shekarun 1970 da 1980. Sai a 2003 aka ɗaure shi. Da 'yan sandan Durham, yankin da gidan yake, suka sake buɗe bincike a 2013, maza fiye da 1,800 suka fito suka ce an doke su ko an yi lalata da su a gidan. Mutum ɗaya ba ya yin irin wannan ɓarna shekara da shekaru sai idan akwai masu gani suna cewa ba ruwansu. Ina da yaƙinin a cikinsu akwai mutanen kirki masu irin tsoron da kake ji yanzu.

Ga yadda za ka yi. Ka rubuta abin da ka gani tun bai fara gauraya a kanka ba, ka ajiye kwafi a wurinka. Ka kai wa jami'in da aka ɗora wa kare lafiyar yara, in babu shi, shugaban gidan. Idan shugaban da mutumin nan bakinsu ɗaya, ka wuce zuwa ma'aikatar da gidan ke ƙarƙashinta ko hukumar kare haƙƙin ɗan'adam. Kada ka tari mutumin da kanka don ka "ja masa kunne", domin idan da gaske akwai wani abu, ka ba shi damar tsorata yaron da goge sawu. Kada kuma ka ja yaron gefe kana yi masa tambayoyin ƙwaƙwa. Tambayar da ke cusa wa yaro amsa a baki tana rushe shari'a daga baya.

Amma idan shi da kansa ya zo ya buɗe maka ciki, ka saurare shi, ka ce masa ka yarda ya yi daidai da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Kada ka yi masa alkawarin rufe maganar, ka gaya masa gaskiya cewa dole ka sanar da wanda zai kare shi. Ka rubuta kalmominsa yadda ya furta su. Idan abin bai daɗe da faruwa ba, kada a wanke tufafinsa, a kai shi asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72. Sannan wanda ake zargi shi ake ɗagawa daga inda yaron yake. Na sha jin inda aka kulle yaro shi kaɗai a ɗaki da sunan kare shi, sauran yara kuwa darasin da suka ɗauka shi ne duk wanda ya yi magana kulle shi ake yi.

Game da suna da kake gudun ɓata masa: idan mutumin nan mai gaskiya ne, abin da zai yi asara shi ne rufe ƙofar sito, kuma da ma bai kamata ya rufe ta ba.

TAMBAYA

Malama, ni ke da alhakin horar da ma'aikata a gidanmu. Duk shekara muna gayyato masani ya yi mana lacca ta yini ɗaya a kan haƙƙin yara, a raba takardar shaida. Gaskiya ban ga abin da ya canza ba. Me ya kamata mu yi daban, ga shi kuɗi ba su da yawa?

Daga wata jami'a

AMSA

'Yar'uwa, na zauna a irin wannan bitar, an yi ta karanto sashe kaza da sashe kaza har rabin ɗakin ya fara gyangyaɗi. Sanin doka yana da amfani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce a sashe na 37 a raba yaran da ke tsare da manya, kuma tsare yaro ya zama mataki na ƙarshe. Ƙa'idojin Havana na 1990, wato ƙa'idojin Majalisar kan kare yaran da ke tsare, sun ce a horar da ma'aikata a kan halayyar yara da jin daɗinsu da haƙƙinsu, a kuma riƙa sabunta horon. Amma mai gadin ɗakin kwana da ƙarfe biyun dare ba lambar sashe yake bukata ba. Yana bukatar sanin abin da zai yi idan yaro ya ce masa ba zai kwana kusa da wane ba, ya kuma ƙi faɗin dalili.

Don haka ki rage lacca, ki ƙara gwaji. Ki sa ma'aikata biyu su fito, ɗaya ya zama yaro yana roƙon aron waya, ɗaya ya ƙi ba tare da wulaƙanci ba. Ki sa wani ya gwada yadda zai gaya wa abokin aikinsa da ya girme shi, "Bar ƙofar nan a buɗe." Wannan jimlar ita ce ta fi kowace wuyar fita daga bakin ƙaramin ma'aikaci, kuma ba ta fita sai an saba da ita. Sannan ki ɗauki tawagar ku zaga gidan da ƙafa, ki ce kowa ya nuna miki inda babba zai iya keɓewa da yaro ba a gan su ba: bayan kicin, ɗakin wanki, sito, ƙarƙashin bene, motar kai yara kotu. Za ki sha mamaki, duk sun san wuraren. Wani wurin kyamara yake bukata, wani kuwa cire ƙyauren ko yanka masa taga ya wadatar.

Kada a bar kowa a baya. Mai dafa abinci, direba, malamin aji, ma'aikacin jinya, mai zuwa wa'azi, duk wanda ƙafarsa ke shiga inda yara suke ya zauna a bitar. Kada kuma a gina ta a kan cewa namiji ne kaɗai abin tsoro. A binciken Amurka na 2012, kusan kashi 89 cikin 100 na yaran da suka ambaci ma'aikata, yara maza ne da suka ce mace ma'aikaciya ce ta yi lalata da su. Nan mutane kan yi murmushi su ce ai saurayi ne, da yardarsa. Wanda makullin ɗakinsa ke hannunki, rahoton da zai sa a sake shi ko a ƙara masa wata ke bakin alƙalaminki, ba shi da yardar da zai bayar. Ki faɗi wannan a fili a gaban kowa.

Sai dai horo shi kaɗai ba ya riƙe gida. Amurka ta yi dokar yaƙi da fyaɗe a wuraren tsare mutane, wadda ake kira PREA, a 2003, ƙa'idojinta suka fito a 2012, kuma abin da ya burge ni a ɓangaren yara shi ne ba su dogara da kyawun halin kowa ba. Sun ce ma'aikaci 1 ga yara 8 da rana, 1 ga 16 lokacin barci. Manyan jami'ai su riƙa zagayen ba-zata dare da rana, kuma laifi ne wani ya tsegunta wa 'yan'uwansa cewa ga oga nan tafe. Cikin awa 72 da kawo yaro a tantance ko yana cikin masu rauni, don kada a haɗa ƙarami da wanda zai danne shi a ɗaki ɗaya. Namiji ba ya caje jikin mace, mace ba ta caje na namiji, sai da larura mai ƙarfi. Kafin a ɗauki mutum aiki a tuntuɓi inda ya baro, a ji ko ya ajiye aiki ne ana tsakiyar bincikensa, kuma ajiye aikin ba ya kashe binciken. Duk wanda ya kai ƙorafi, yaro ko ma'aikaci, a sa masa ido aƙalla kwana 90 don kada a rama a kansa. Yawan ma'aikata yana cin kuɗi, na sani. Zagayen dare da kiran tsohon wurin aikin mutum ba sa cin komai.

Idan abu ɗaya kawai za ki iya samarwa bana, ki samar da hanyar da ƙorafin yaro zai fita waje bai bi ta hannun masu tsaronsa ba. Akwatin ƙorafin da makullinsa ke aljihun shugaban masu gadi ado ne kawai. A ba wani na waje makullin, ko a sa layin waya da ba a saurare. Kwamitin bincike mai zaman kansa na Ingila da Wales ya gano zarge-zarge 1,070 na lalata da yaran da ke tsare tsakanin 2009 da 2017. Da na ga adadin, abin da ya zo mini shi ne waɗannan su ne suka samu inda za su faɗa.

TAMBAYA

Malama, ɗana yana tsare yana jiran shari'a. Zuwana na baya ya ƙi haɗa ido da ni, ya rame, ya ce in daina zuwa. Hankalina ya tashi.

Daga wata uwa

AMSA

Allah ya kawo miki sauƙi, 'yar'uwa. Kada ki daina zuwa, ko da ya sake faɗa. Kunya da baƙin cikin tsarewa kaɗai suna iya sa yaro haka, amma wanda ake cuta ma yakan kori iyayensa, wani lokacin ma an sa shi ne. Ƙa'idojin Havana sun ce yaro ya samu ziyara sau ɗaya a mako, in ta yi wuya kada ta gaza sau ɗaya a wata, kuma ba a hana shi ganin iyalinsa da sunan horo.

Ki roƙi a bar ku ku zauna inda ma'aikaci zai iya hango ku amma ba ya jin maganarku. Kada ki fara da "wa ya taɓa ka?" Ki tambaye shi yadda yake barci, su nawa ne a ɗakin, wane lokaci ya fi tsana a yini, wane ma'aikaci ya fi yi masa kirki. Amsar tambayar ƙarshen nan ki saurare ta da kyau. Ki gaya masa babu abin da zai faɗa miki da zai sa ki guje shi. Daga nan ki sanar da lauyansa abin da kika gani tun kafin zaman kotu na gaba, ya nemi likitan da ba na gidan ba ya duba shi, ya kuma roƙi alƙali ya ba da belinsa ko a sauya masa wuri.